Sassaben zamani a ƙasar Maradi da Damagaram

A ƙasar Maradi aikin gona ba ya jiran saukar ruwa. Tun da bazara maigida yake saɓa gatari ya tafi sassabe. A da, sassabe share gona ne fes: a sare sabara da kalgo da geza, a tara a cinna musu wuta, har mai wucewa ya hangi iyakar gona ba abin da ya tare masa ido. Wanda ya bar itace a gonarsa, rago ake ce masa.

Yanzu manomi tsayawa yake a kan kututture ya ƙare wa tohonsa kallo. Wani kututturen kan fitar da rassa ashirin ko fiye. Sai ya zaɓi uku zuwa biyar, masu kauri da miƙewa, ya datse sauran. Waɗanda ya bari kuma ya sassabe musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu, yana kai sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Wani har tsumma yake ɗaurawa, don mai neman itacen girki ya san wannan da mai shi. Shi ne ake kira sassaben zamani.

Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. Kututturen da aka shekara ana sarewa saiwarsa na nan da rai, ta riga ta kai inda damshi yake, shi ya sa tohon da aka bari yake tserewa dashe nesa ba kusa ba. Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maradi a lokacin, ya lura da haka a 1983, bayan ya ga dashen itatuwa yana ta mutuwa. Da farin 1984 ya zo, aka haɗa barin itace a gona da rabon abinci. Rabo na ƙarewa mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka haƙura suka ga guguwar farkon damina ta daina binne musu shuka, ga itace a ƙofar gida. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekaru ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam da masu bincike Gray Tappan da Chris Reij suka nazarta sun nuna itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Sai dai rashin adalci ne a ce daga baƙo aka fara. Mutanen Magaria da Matameye da Mirriah sun san darajar gawo tun kaka da kakanni, har tarihin baka na Damagaram yana ba da labarin hukunci mai tsanani da sarakuna suka tanadar wa mai sare shi. Gawo itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke kore shar, shi kaɗe ganyensa yake, don haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki a daidai lokacin da shuka ke bukata. Da rani sai ya yi lif, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Ko yaro ya san geron gindin gawo ya fi na fili kauri da tsawon zangarniya.

Akwai kuma tsohuwar ma'amala tsakanin manomi da Bafulatani. Bayan an kwashe amfani, makiyayi kan sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara su kwana a nan, ana matsar da makwancinsu daga wannan gefe zuwa wancan har taki ya game. Mai gona ya ba da damin gero, a rabu da mutunci. A ƙasar Tawa kuwa, wajen Illela, faƙo ake farfaɗowa da tassa: a haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki cikin kowanne, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Manoman Illela sun gano dabarar a Yatenga ta Burkina Faso a 1989, kuma ba a daɗe ba faƙon da ba mai so ya zama abin saye da kuɗi.

Duk wannan shi ne abin da masana sauyin yanayi suke ta kira a koma gare shi. Ganye na zuƙo iskar kabon mai ɗumama duniya, ya mayar da ita itace da saiwa. Ganyen da ya zube, saiwar da ta mutu, kashin shanu da karan da gara ta ja cikin rami, su ne ke zama baƙar ƙasa mai riƙe ruwa. Jigawar Sahel tana da ƙarancin wannan sinadari ƙwarai, kabon da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, zafi kuma na saurin cinye shi. Saboda haka mafi yawan sabon kabon da ake ajiyewa yana jikin itatuwan da saiwoyinsu, abin da ke taruwa cikin ƙasa kuwa sannu a hankali ne, kuma sassabe ɗaya irin na da ya isa ya mayar da shi iska.

Shi ya sa maganar mallaka ta fi komai nauyi. Tun zamanin Faransa doka ta mayar da itatuwa na gwamnati, manomi yana gudun tara ko da a gonar gadonsa, to me zai sa ya rena abin da ba nasa ba? Da riƙon jami'an gandun daji ya sassauta, ƙauyuka suka ɗauki tsaro a hannunsu. A Ɗan Saga ta yankin Aguié an kafa kwamiti mai maza da mata da wakilan makiyaya, yana sintiri yana cin ɓarayin itace tara. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa shi ke da ikon cin moriyarsa. Yanzu da masu cinikin kabon suka fara leƙo Sahel, wajibi ne kuɗin ya isa hannun wanda ya yi sassaben da matar da ke tsaron tohon daga awaki.