Laimar Kwaɗin Huautla: Ibada ko Holewa?

A 1955 wani ma'aikacin banki Ba'amurke, Gordon Wasson, ya halarci zaman dare na María Sabina a Huautla, ƙasar Meksiko, inda al'ummar Mazatek ke cin wata laimar kwaɗi mai jirkita hankali domin nema wa majinyaci waraka. Bayan mujallar Life ta buga labarin a 1957, samarin Amurka suka yi ta kwararowa, abokai ayari-ayari. 'Yan sanda suka biyo sahu, aka ƙone gidan Sabina. Ni kam ban gamsu da masu cewa niyya kaɗai ke raba ibada da holewa ba. Mazatek suna zama ne don majinyaci, bayan ƙaurace wa shimfiɗar aure na kwanaki, ƙarƙashin jagorancin masaniya. Baƙin kuwa lafiyarsu ƙalau suka zo.