IDO BA MUDU BA NE, AMMA YA SAN ƘIMA

Mai sayen dawa a kasuwar Kanya, ta ƙasar Zuru, ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya ɗaya. Yakan sa hannu ya ɗibo kaɗan, ya hura, ya duba, sa'an nan ya yi tayi. Masu ƙididdiga ma haka suke yi da jama'a. To, muna so malaman makaranta da akawuna su san yadda ake karanta abin da ɗiban nan ya nuna, gama da shi ake raba malamai da azuzuwa.

Ga misali. A ce an jera sunayen yaran Kanya da suka isa shiga makaranta, aka fid da 100 ta hanyar ƙuri'a, aka tarar 60 suna zuwa. Da an sake ƙuri'ar, watakila a sami 55, ko 64. Saboda haka mai lissafi ba ya tsayawa kan 60 kurum. Sai ya ce tsakanin 50 da 70 cikin ɗari. Wannan fili shi muke kira tazarar amincewa. Wani masani mutumin Folan, Jerzy Neyman, shi ya tsara ƙa'idarta a 1937.

Galibi akan rubuta "kashi 95" kusa da ita, nan kuwa ɗalibanmu na kwalejin horon malamai suka fi tuntuɓe. Waɗansu sukan ce wai yara 95 cikin ɗari ake nufi. Ko kusa. Ma'anarsa ita ce, in an yi ƙuri'ar sau 100, kowane karo aka fid da tazara, kamar 95 daga cikinsu za su ritsa da adadin gaskiya, 5 su kuskure. Watau hanyar aka amince wa. Tazarar da ke hannunka kuwa, ko ta kama ko ta kuskure, ba ka da halin rantsewa.

In ana so tazarar ta tsuke sai a ƙara yara. Amma fa ninki biyu ba ya rage rabi, sai ninki huɗu. Da yara 400, tazarar nan za ta koma tsakanin 55 da 65.

Yanzu a ce wani gari ya sami 65 daga nasa yara 100. Akawu mai garaje sai ya rubuta cewa hedimastan Kanya ya yi sakaci. Alhali kuwa tazarar wancan gari daga 56 take zuwa 74, ta hau kan ta Kanya kusan duka. Bambancin 5 bai isa hujjar da za a ci mutuncin bawan Allah ba.

Haka kuma ake karanta manyan rahotanni. Binciken lafiyar iyali na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a gidaje wajen 40,000, ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya 132 ba su kai shekara 5 ba, a Jihar Kebbi kuwa 252. Ratar nan ta wuce abin da za a ɗora wa ƙuri'a, sai a tashi tsaye.

Saura gargaɗi guda. Tazarar ba ta maganin mugun ɗiba. A zamanin En'e, kafin a rushe ta a 1976, mutane da yawa sukan ɓoye 'ya'yansu don gudun boko, kamar yadda ake ɓoye shanu don jangali. In mai ƙirga ya tsaya gidajen bakin hanya, ko aka ɓoye masa yara, ko 4,000 ya ɗiba lissafinsa ya karkace. Wanda ya duba bakin buhu kaɗai, tsakuwar da ke gindi sai ya isa gida zai gan ta.

Don haka duk adadin da ya zo teburinku, ku tambayi abu uku: mutum nawa aka ɗiba, yaya aka zaɓe su, ina kuma iyakar ƙasa da ta sama. Allah ya sa mu yi adalci a aikinmu, amin.