Takarda lafiya lau, mota ba birki

Doka a Najeriya ta tanadi cewa motar da ke hawa titi, musamman ta haya da ta dakon kaya, ta mallaki takardar shaidar lafiya daga jami'an duba ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO. Sai dai ba ɓoyayyen abu ba ne yadda mutane da yawa ke samun wannan takarda. Mai mota zai miƙa wa ɗan kamasho kuɗi lokacin sabunta takardu, kafin la'asar an kawo masa su cikin ambulan, alhali motar tana fake a ƙofar gida, wani lokacin ma tana gareji bakanike ya kwance mata ƙafa.

Da wannan takardar direba zai isa shingen 'yan sanda. "Malam direba, takardunka." A duba kwanan wata, a ga bai wuce ba, a ɗaga masa hannu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin ba a taɓa jin takarda ta tsayar da mota a gangara ba.

Amma fa a yi wa ɗan sanda adalci. Ba shi da abin auna birki a bakin hanya. Gwaji na gaskiya sai a cibiyar da aka tanada: a ɗora ƙafafun mota kan na'ura mai juyawa, a taka birki, allo ya nuna ƙarfin kamun kowace ƙafa. Idan ta dama ta fi ta hagu kamawa, ranar da aka taka birkin gaggawa motar za ta fizge gefe guda. Sannan ma'aikaci ya shiga ramin da ke ƙarƙashinta da tocila, ya duba yoyon man birki, ya girgiza ƙarafan sitiyari ko sun yi lako-lako, a auna saitin fitilu da hayaƙin salansa. Abin da ya rage wa jami'in kan hanya shi ne tabbatar da cewa takardar ba ta bogi ba ce, da kuma kama aibin da ido ke gani, kamar fitila ɗaya da daddare, ko ƙofar da aka ɗaure da igiya.

Taya kuwa ko fasinja zai iya duba ta. A jikinta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa ba abin dogaro ba ce, ko da zanenta bai suɗe ba. Yawancin tayoyin gwanjo sun tsufa tun kafin su sauka daga jirgi, ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu, ga lodin da ya wuce ƙima.

Jihar Legas ta ɗauki mataki tun farkon 2022: ba a ba ka takardar sai an kai motar cibiyar gwaji ta kwamfuta. A nan aikin yake, ba a yawan masu kaki a titi ba. Direban da ya taso daga Kano zuwa Abuja zai iya cin karo da jami'an kula da hanya na jihohi irin su KAROTA da KASTLEA, da 'yan sanda, da FRSC, kowa da abin da yake nema. Rikicin hurumi ma ya kai gaban shari'a, inda a watan Oktoban 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa VIO na birnin ba su da ikon tare mota, ko kama ta, ko cin tarar direba.

Direbobi na da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne: kayan gyara sun yi tsada, ramukan hanya na karya motar da aka gyara jiya, sannan suna tsoron gwajin ya zama wata sabuwar kafar karɓar na goro. Saboda haka jihar da ke son 'yan sanda su matsa a kan wannan takarda, sai ta fara buɗe cibiyoyin gwaji kusa da tashoshin mota, ta kafe kuɗin gwajin a bango kowa ya gani, ta kuma ba wanda motarsa ta faɗi wa'adin gyara ya dawo ba tare da ya sake biya ba.