Kwamfuta a Hannun Likitan Haƙori

A da, idan za a ƙera wa haƙorin da ya ruɓe abin cike gurbi ko murfi, sai likita ya danna wani abu mai danƙo a bakin majiyyaci don ɗaukar siffar haƙorin. Sai a aika wa masu ƙera haƙora, a jira kwanaki.

A shekarar 1985, a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, aka yi wa majiyyaci na farko aiki da na'urar CEREC, wadda Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙirƙiro. Ƙaramar kyamara ke ɗaukar hoton haƙorin, kwamfuta ta zana abin cike gurbin, inji ya sassaƙa shi daga dunƙulen tangaran, duk a zama ɗaya.

Amma amfanin kwamfuta ya fi fitowa wajen dasa haƙori. Akwai jijiyar da ke ratsa ƙashin muƙamuƙin ƙasa. Idan ƙusar dashe ta taɓa ta, leɓen ƙasa yakan daina jin taɓi, wani lokaci har abada. Hoto mai nuna tsawo da faɗi da zurfi yana ba likita damar auna tazarar jijiyar a kwamfuta tun bai huda ƙashi ba.