Ƙarfen da ke shan haidurojin, da ma'adanan da ke ƙara masa kwana

A shekarar 1970 masu bincike na kamfanin Philips a garin Eindhoven da ke ƙasar Holan suka bayyana wani haɗin ƙarfe mai halin ban mamaki, wanda suka ci karo da shi suna tsaka da aikin maganaɗisu. Ƙwaya ɗaya ta lantanam ce da ƙwaya biyar na nikel. Idan aka tura masa iskar haidurojin sai ya shanye ta kamar soso, a zafin ɗaki, ba sai an matsa da ƙarfi ba. Da an rage matsi ko an ɗan ɗumama shi, sai ya sake ta.

Kowanne da aikinsa. Lantanam, ɗaya daga cikin ma'adanai 17 masu wuyar tacewa, shi ke riƙe haidurojin, amma in shi kaɗai ne riƙon ya yi tsauri, ba ya saki. Nikel ne ke raba ƙwayar iskar gida biyu, ya kuma sassauta riƙon. A cikin batiri mai caji da aka yi da wannan ƙarfe, wutar caji na fasa ruwan da ke ciki, haidurojin ya shige ƙarfen ya zauna. Da an kunna tocila ko rediyo sai ya fito, wuta ta gudana, bolt 1.2 a kowane batiri.

Sai dai akwai cikas. Duk lokacin da ƙarfen ya sha haidurojin yakan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in ya saki ya motse. Yau kumburi, gobe motsewa, sai ya tsattsage ya zama gari, ruwan batirin mai kaifi ya samu hanyar cin lantanam ɗin. Batiri ya mutu tun bai yi nisa ba. A 1984 wani mai bincike na Philips mai suna Willems ya nuna cewa in aka cire wani sashe na nikel aka zuba kobal, kumburin yakan ragu, ƙarfen ya jure caji da yawa. Daga baya aka ƙara ɗan aluminiyam don hana tsatsa, da manganis don daidaita matsi.

Tsantsar lantanam kuwa tsada gare shi, saboda raba shi da 'yan uwansa aiki ne ja. Don haka masana'antu suka koma ga gaurayen da ake kira mishmetal, mai ɗauke da seriyam da lantanam da niyodimiyam da farasiyodimiyam. Duk mai kunna laita ya taɓa amfani da shi: ɗan dutsen nan da ke ba da tartsatsi, mishmetal ne aka haɗa da baƙin ƙarfe. A batiri, yawan lantanam na ƙara ɗaukar caji, seriyam kuma na ƙara juriya ga tsatsa. Gwanintar maƙerin batiri ita ce sanin ma'aunin.

Kamfanonin Japan suka fito da wannan batiri kasuwa wajen 1990, ya maye gurbin mai kadmiyam, wanda guba ne. Motar Toyota Prius ta 1997 da shi ta fito. A 2005 kamfanin Sanyo ya kawo batirin Eneloop, wanda ke daɗewa a ajiye cajinsa bai zube ba.

Wajen adana haidurojin a matsayin makamashi, nauyi ne matsalar. Kilo 100 na ƙarfen ba ya riƙe kilo ɗaya da rabi na iskar. Shi ya sa ƙananan motoci masu haidurojin ke amfani da tulun gas mai tsananin matsi, ƙarfen kuma ya fi dacewa da rumbun da ke girke wuri ɗaya.

Ƙasar Sin ce ke tace mafi yawan waɗannan ma'adanai masu wuyar tacewa a duniya. Da ta taƙaita fitar da su a 2010, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har Honda ya fara kwaso su daga tsofaffin batura a 2012. Najeriya ma na da su a cikin yashin monazayit da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos, yashin da ke ɗauke da toriyam mai tiririn nukiliya. Haƙo shi a loda a buhu ba shi ne arziki ba. Ribar tana hannun wanda ya iya tacewa da haɗawa, kuma nan ya kamata jami'o'inmu da hukumomin ma'adanai su mayar da hankali.