Tsakuwar Matsarmama da Likita Ya Tarar Ba Ita Ya Je Nema Ba

Ya ku malamai da attajirai, ga wata mas'ala daga ɗakin fiɗa. Likita ya buɗe cikin mutum domin gyaran hanji, sai ya shafa matsarmama, watau maɗaciyar nan da ke manne a ƙarƙashin hanta, ya ji tsakuwa a ciki. Mai ita kuwa yana kwance cikin maganin barci, bai taɓa kuka da ita ba. Shin ya cire, ko ya bari?

Ku sani ita tsakuwar ba cikin shinkafa aka haɗiye ta ba. Ruwan ɗacin ne da kansa yake daskarewa, ko don kitse ya yi masa yawa, ko don jini yana saurin lalacewa, kamar yadda yake ga masu sikila. In za a yi aiki, ba a tsince tsakuwar a bar jakar, gama wata za ta sake fitowa. Jakar duka ake ɗaukewa, yadda Carl Langenbuch ya fara a Barlin ta Jamus a 1882. Hanta ba ta fasa yin ruwanta, sai ya riƙa zuba cikin hanji kai tsaye.

Galibin likitoci sun fi karkata ga bari. Kimanin 80 cikin 100 na masu tsakuwa ba ta taɓa damunsu. Cirewar kuma ba kyauta ba ce: kusa da jakar akwai siririyar hanyar da ruwan yake bi, in wuƙa ta taɓa ta, wahalar takan fi ta tsakuwar nesa. Balle in mara lafiya ya zubar da jini da yawa, ko yankan yana can ƙasan mara.

Amma cirewa takan fi ga mai sikila da aka buɗe domin saifa, ko in tsakuwar ta wuce santimita 3, ko jakar ta kumbura.

Saura batun izini, a ganina nan nauyin yake. Dillalin da aka ba sa ya sayar ba ya haɗawa da saniya don ya ga kasuwa ta yi kyau. Hakanan likita, in ba rai ne yake cikin haɗari ba, ba ya wuce inda aka yardar masa. Ya rubuta abin da ya gani, ya faɗa wa mai jiki bayan ya farfaɗo, kana ya sanar da shi alamomin motsinta: ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, da zazzaɓi, da idanu su yi rawaya irin na shawara. Wanda ya ga ɗayansu, to, ya koma asibiti ran nan, ya kuma gaya musu an taɓa ganin tsakuwa a cikinsa.