Buntun shinkafar Kura: abin da ya kamata ku sani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa bin magudanai zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa ta zama abin dogaron dubban gidaje. Duk buhun shanshera da aka kai inji, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa buntu ne. Shi ya sa ake ganin tulinsa a bayan injinan casa. Masu kiwon kaji su ɗiba, mata masu gumi su hura wuta da wani, saura kuma a banka masa wuta, ya kwana yana cin kansa, hayaƙi ya cika unguwa.

Alhali kuwa a cikin buntu da totuwar masara da kara akwai sukari a ɗaure, wanda cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Masana sinadarai sun san yadda ake kwance shi. Ana zuba kayan a babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, a yayyafa ruwan asid kaɗan, a tura tururi mai zafin da ya haura digiri 150. Asid ɗin shi ne mai gaggauta aiki, kamar yadda kanwa ke sa wake ya nuna da wuri, sai dai shi ba ya shiga cikin abin da ake samu. Sukarin ya warware, ya zubar da ruwan jikinsa, ya koma wani mai da ake kira furfural, tururi ya fito da shi a tace.

Wannan mai tushe ne na wasu kayayyaki da yawa. Da shi ake yin danƙon da ke riƙe yashi a masana'antun zubin ƙarfe, ana kuma tace man inji da shi. Kamfanin Quaker Oats na Amurka ya fara yin sa don sayarwa a farkon shekarun 1920, daga ƙaiƙayin hatsi. Yau ƙasar Sin ce kan gaba, da totuwar masara, Afirka ta Kudu kuwa da tuƙar rake take yi.

Gaskiya ɗaya: buntu bai kai totuwa wajen ba da wannan mai ba, domin yana da sinadarin yashi mai yawa. Amma wannan yashin ma kuɗi ne, tunda tokar buntu na ƙara wa siminti ƙwari. Babbar wahalar ita ce tarawa. Buntu ba nauyi, ga cin wuri, kuɗin mota zai cinye riba in aka ce sai an kai shi nesa. A nan Kura ta fi wurare da yawa sa'a, don injinan suna kusa da juna.

Ya kamata ƙungiyoyin masu casa da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are su zauna da malaman sinadarai na Jami'ar Bayero, a auna buntun da ake samu duk kaka, a gwada ƙaramar tukunya a nan gida. Kafin nan, mai inji, ka ajiye buntunka a busasshen wuri, ka daina ƙona shi.